Ƙazwa ce ko ƙwaron kaji? Amsoshin likita

Tambaya daga wani malamin tsangaya a Gwaram: Almajiraina suna ta susa da dare, tsakanin yatsu da hammata. Ɗaya kuma fatar hannunsa ta yi kauri tana ɓarewa, amma bai cika susa ba. Cuta ɗaya ce?

Allah gafarta Malam, alamu sun nuna ƙazwa ce. Mai haddasa ta wani ɗan ƙwaro ne, Sarcoptes scabiei, wanda bai kai rabin milimita ba. Ƙafafunsa takwas, dangin kaska ne da gizo-gizo. Macen ce ke haƙa rami a fata ta zuba ƙwai. Mai ƙazwa yakan ɗauki ƙwari 10 zuwa 15 kacal a jikinsa.

Yaron nan mai kaurin fata shi ya fi tayar mini da hankali. Akwai nau'in ƙazwar da ba a cika gani ba, mai ɓawo, wadda ƙwarin ke kai dubbai har miliyoyi, kuma ta fi kama wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Don Allah a kai shi asibiti, irin Rasheed Shekoni a Dutse, a kankari ɓawon a duba a madubin likita. Ganin ƙwaron ko ƙwansa shi ke raba gardama. Sauran yaran a shafa musu benzyl benzoate ko permethrin daga wuya zuwa tafin ƙafa, dukkansu rana ɗaya, har da wanda bai fara susa ba, domin alamar kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin ta bayyana. Kayan sawa a wanke da ruwan zafi. Wanda ba ya wankuwa a ɗaure a leda kwana uku.

Tambaya daga wata uwa a Ɗambatta: Tun da kaza ta yi kwanci a ɗakina wasu jajayen ƙwari ke cizonmu. Ƙuma ce?

Baiwar Allah, ki lura da tafiyarsu. Ƙuma tsalle take yi, ƙafarta shida. Idan rarrafe suke yi, mai yiwuwa ƙwaron kaji ne, Dermanyssus gallinae ko ɗan'uwansa Ornithonyssus bursa na ƙasashe masu zafi. Ido ba ya bambanta su biyun, sai madubi. Ki danna selotef a kan guda biyu ko uku ki kai wa likitan dabbobi. Ba sa iya hayayyafa a jikin mutum, cizo kawai suke yi. Ki mayar da kazar akurki, ki ƙone ciyawar da ta kwanta a kai, a kuma liƙe tsagar bango, don na farkon, wato Dermanyssus, a nan yake ɓuya da rana.

Tambaya daga wani manomi a Ringim: Na shafa maganin ƙazwa mako guda ke nan, ƙaiƙayi bai tafi ba.

Malam, yakan ci gaba har mako huɗu ko da ƙwarin sun mutu. Ka maimaita shafawa bayan kwana bakwai, iyalinka ma su shafa. Kada ka shafa fiya-fiya ko baƙin mai, suna ƙona fata, fiya-fiya kuwa guba ce mai ratsa jiki. In sababbin ƙuraje na fitowa ko suna ruwa, ka koma asibiti.