Tambayi Likita: Allurar Rigakafi da Ciwon Dajin Ciki

Tambaya: Likita, mahaifinmu da yayanmu duk cikinsu ne ya kumbura suka rasu, aka ce dajin hanta ne. Da gaske akwai allurar da ke kare mutum daga wannan ciwo? (Wani ɗan'uwa daga Funtua)

Amsa: Allah ya jiƙansu da rahama. Akwai, ɗan'uwa. Allurar tana tare ƙwayar cutar hanta samfurin B ne, wadda ita ce kan gaba wajen haddasa dajin hanta a ƙasashenmu. Ƙwayar kan yi shekara 20 ko 30 a jiki shiru, tana cin hantar a hankali har ta yi tabo ta ƙanƙance, daga nan ƙari ya fito. Ranar da ido ya yi ɗorawa, ciki ya tara ruwa, galibi aikin gama ya gama. Ƙasar Taiwan ta fara yi wa jarirai allurar a 1984, kuma dajin hanta ya ragu ƙwarai a cikin yaran da aka yi wa. Gambiya ma ta soma nata babban gwajin a 1986.

Mutum biyu a gida ɗaya ba abin wasa ba ne. Ku je duka, har mahaifiya da matanku, a yi muku gwajin jini. Wanda ba ya ɗauke da ƙwayar a yi masa allura uku: ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6. Wanda kuwa aka samu yana da ita, allura ba za ta fitar da ita ba. Ya ga likitan hanta, domin akwai magani irin su tenofovir da ke danne ta, sannan a riƙa duba hantar a kai a kai. Ku kuma guji gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna. Dafin da ke ciki idan ya haɗu da wannan ƙwaya, haɗarin ninkuwa yake.

Tambaya: A gida nake haihuwa, kuma surukata ta ce ba a fita da jariri sai bayan suna. Ba zan iya bari sai lokacin ba? (Wata uwa daga Gusau)

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki bari. Cikin duk tambayoyin nan babu wadda ta fi damuna kamar taki. Allurar hanta ta farko cikin awa 24 da haihuwa ake son a yi ta, saboda idan uwa tana da ƙwayar, wajen haihuwa jariri ke ɗauka. Jarirai 9 cikin 10 da suka kamu a wannan lokaci da ita za su rayu, alhali babban mutum idan ya kamu yawanci jikinsa kan kore ta. Ga kuma askin suna da cire beli, inda aska ɗaya kan zaga kawuna da yawa. Ke ki zauna ki yi jegonki, maigida ko wata 'yar'uwa su naɗe yaron a zane su kai shi asibitin sha-ka-tafi. A Najeriya allurar tana cikin rigakafin yara tun 2004, kyauta ce a asibitocin gwamnati. Sauran ukun a mako na 6 da na 10 da na 14 ake yi. Ki sa maigida ya yi wa Hajiya bayani cikin ladabi tun kafin naƙuda ta zo. Ita ma lafiyar jikanta take so.

Tambaya: Na shekara biyar da olsa. An ce tana rikiɗa ta koma dajin tumbi. Akwai rigakafi? (Wani direba daga Maraɗi)

Amsa: Har yanzu babu allurar da aka amince da ita. Amma yawancin gyambon ciki wata ƙwaya ce mai suna H. pylori ke kawo shi, kuma tun 1994 masana suka sanya ta cikin abubuwan da ke haddasa daji. Mafi yawan masu ita ba sa kamuwa da dajin, don haka kwantar da hankalinka. Ana gano ta ta gwajin bayan gida ko na numfashi, a kashe ta da haɗin magunguna na kwana 10 zuwa 14. Shan farin ruwan maganin kyamis kullum lafa zafi kawai yake yi. Idan kana ramewa, ko bayan gidanka ya yi baƙi ƙirin, ko abinci yana maƙale maka, ka nemi a leƙa cikin da na'ura ba tare da jinkiri ba.

Tambaya: Kawuna yana da dajin hanji. Na gani a Facebook wai an samo allurar da ke warkar da ciwon daji. Ina ake samunta? (Wata ɗaliba daga Zariya)

Amsa: Allah ya ba shi lafiya. Abin da kika gani yana da tushe, sai dai bincike ne tukuna. A wani asibitin daji a birnin New York na Amurka an gwada allurar da ake haɗa wa kowane majiyyaci tasa daga ƙarin da aka cire masa, domin garkuwar jiki ta gane ragowar ciwon ta far masa. Masu dajin fankiriyas (wata gaɓa da ke bayan tumbi) 16 aka yi wa, garkuwar 8 ta amsa, aka fitar da sakamakon a 2023. Kuma dukkansu sai da aka yi musu tiyata da sauran magani. Ana gwada irinta a kan dajin hanji, amma ba ta shiga kasuwa ba. Duk wanda ya ce zai sayar muku da ita, kuɗinku yake so. Kada Kawu ya fasa tiyata ko maganin da likitocinsa suka tsara. 'Ya'yansa da ƙannensa kuma su faɗa wa likita wannan tarihi, kuma kada su ɗauki jini a bayan gida a matsayin basir kawai ba tare da an duba ba.

Tambaya: Allurar HPV da ake yi wa 'yan mata tana da alaƙa da ciwon dajin ciki? (Wani malamin makaranta daga Azare)

Amsa: Tana da ita, Malam. Don dajin bakin mahaifa Najeriya ta fara yin ta a Oktoban 2023 ga 'yan shekara 9 zuwa 14, amma ƙwayar cutar HPV da allurar ke tarewa ita ce ke haddasa yawancin dajin dubura, kuma allurar tana karewa daga shi ma. Ka ƙarfafa wa iyayen ɗalibanka gwiwa su bari a yi wa 'ya'yansu.