Tambayi Mama: Yarona ya daina addu'a, wai Allah bai ji shi ba

Sannunku da ƙoƙari masu karatu. Wannan makon wasiƙu uku na ware saboda duk kan abu ɗaya suke, matasanmu da addu'a. Masu tambaya kan aure ku ɗan ƙara haƙuri, ban manta da ku ba.

TAMBAYA: Mama ina gaisuwa cikin sunan Yesu, ya gida ya aiki. Ni uwa ce mai yara huɗu, babban shekararsa 16 yana SS2 kuma shi ne ke neman sa mun hawan jini. A gidanmu ƙarfe biyar na asuba muke tashi sujadar iyali tun suna ƙanana, amma yanzu in na tashe shi sai ya zo ya durƙusa ya kifa kai a kujera, kafin babansa ya gama karanta nassi har ya fara minshari, in aka ce ya yi mana addu'a sai ya ce a ba ƙanwarsa. Na ƙwace waya, na hana shi zuwa ƙwallo, babansa har ya zane shi sau ɗaya, ba abin da ya canza. Ranar nan na tsare shi a kicin sai ya ce mun wai bara da kakarsa take kwance a asibiti ya yi azumi kwana uku yana roƙo amma ta rasu, to amfanin me. Ni ban ma san ya yi azumin ba. Yaya zan koya masa muhimmancin addu'a?
Wata uwa daga Kafanchan

AMSA: 'Yar'uwa sannu da fama. Ki koma ki karanta abin da kika rubuta da hannunki, "ban ma san ya yi azumin ba." Yaro ɗan shekara 15 a lokacin, a wannan shekarun da ciki ba ya cika, ya hana kansa abinci kwana uku ba wanda ya sa shi ba kuma wanda ya gani, sannan ki ce bai san muhimmancin addu'a ba? Ai ya fi wasu dattawan ikilisiya sani. Yaron nan ciwo ne a ransa, fushi yake da Allah, kuma shekara guda ke nan yana ɗauke da shi shi kaɗai ku kuna ta bin waya da bulala. Ki faɗa wa babansa a hankali ya ajiye bulalar nan, ba ta kai inda ciwon yake.

Wani ɓangare na laifin namu ne, mu manya. Ki duba lokacin shaida a majami'unmu, kowa ya tashi na yi addu'a na sami aiki, na yi addu'a na haihu bayan shekara tara, a yi tafi a buga ganga. Abu ne mai kyau, amma yaushe kika taɓa ganin wata ta tashi ta ce na roƙa na roƙa mijina ya mutu duk da haka, ga ni kuma har yau ina zuwa? To yaro yana zaune a baya yana kallo, sai ya ɗauka addu'a kamar mai POS ce, ka miƙa kati a ƙirgo maka kuɗi, in bai fito ba to ko dai ba netwok ko kuma asusun naka ne fanko. Shi naki yanzu tsakanin biyun nan yake, ko Allah ba ya ji, ko shi ne bai isa a ji shi ba.

Kar ki yi saurin rufe masa baki da "nufin Allah ne." Ki zaunar da shi, ba a gaban ƙannensa ba, ku buɗe 2 Sama'ila sura 12. Dawuda ya yi azumi ya kwana a ƙasa saboda jaririnsa, fadawa suka yi suka yi ya ƙi tashi, rana ta bakwai yaron ya mutu. Bulus sau uku yana roƙo a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, yana nan a 2 Korintiyawa 12. Shi kansa Yesu a Getsamani sau uku ya koma yana roƙon ƙoƙon ya wuce shi, washegari aka gicciye shi. Sai Zabura 13 da take farawa da tambayar Allah har yaushe zai manta da mutum, da Zabura 88 da ta ƙare cikin duhu ba ko halleluya ɗaya a ƙarshenta, kuma aka bar ta a cikin Littafi. Ki ce masa in fushi yake ya faɗa wa Allah fushin kai tsaye, waɗanda suka riga shi haka suka yi.

Ni da mai gidana ya rasu na yi kusan wata biyu in na durƙusa ba abin da ke fita sai hawaye, matan zumunta su zo su yi ta waƙa ni ina zaune kamar dutse. Romawa 8:26 ce ta riƙe ni, inda aka ce Ruhu yana roƙo dominmu da nishin da baki ba ya iya faɗa. Shekaru bayan haka ɗiyata ta biyu ta ce mun wai ranar da ta leƙo ta labule ta gan ni ina kuka ina ce wa Allah ban gane ba, ranar ta fara yarda akwai wanda nake magana da shi. Duk sujadar asuba da na yi ta jan su ba ita ta tuna ba. Ke fa, ba ki faɗa mun ko marigayiyar mahaifiyarki ce ko surukarki ba, amma yaron ya taɓa jin yadda ke kika ji da rasuwar?

Maganar barci kuwa kar ta tada miki hankali. Bitrus da Yakubu da Yohanna sun yi barci a Getsamani, a daren da bai kamata kowa ya runtsa ba, ga kuma saurayin nan Aftikos a Ayyukan Manzanni 20 da wa'azin Bulus ya yi tsawo har tsakar dare, barci ya kwashe shi a bakin taga ya faɗo daga hawa na uku. Likitoci sun ce matashi na bukatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma a shekarun nan jikinsu ba ya son kwanciya da wuri. Ku gwada mai da sujadar bayan tuwon dare, minti goma sha biyar ta isa. Sannan wata tambaya, ki amsa wa kanki, in babansa yana addu'a ba ya cewa "ya Ubangiji ka taɓa zuciyar wannan yaro mai taurin kai" alhali yaron na durƙushe a gefensa ƙanne na ƙunshe dariya? Na ji irinta a gidaje da yawa, har a nawa. Habaici ne aka rufe ido aka yi, kuma yara sun sani. Wayar ma ki mayar masa, ku dai yi yarjejeniya ta kwana a falo tana caji.

TAMBAYA: Mama ni nake kula da matasa a majami'armu, su kusan talatin. In na ce wani ya buɗe mana da addu'a sai kowa ya sunkuyar da kai shiru kamar an yi mutuwa, guda biyu ne ke yi, su kuma sai ihu da Turanci irin na fastocin talabijin har da buga ƙafa. Me zan yi?
Malamin matasa daga Mubi

AMSA: Ɗana, ashirin da takwas ɗin nan da suka yi shiru tsoron biyun nan suke ji, sun ɗauka in ba ka iya waccan muryar ba to ba ka iya addu'a ba. Kar ka kunyata biyun, kwaikwayo ne kuma kowa da kwaikwayo ya fara. Amma ka karanta musu Matiyu 6 daga aya 5, inda Yesu ya yi maganar masu addu'a dan a gan su da masu zaton yawan magana ne zai sa a ji su, sai ka ciro waya ka sa agogo ku faɗi Addu'ar Ubangiji tare, za su ga ko minti ɗaya ba ta kai ba. Bitrus da ya fara nitsewa cewa kawai ya yi Ubangiji ka cece ni, da ya tsaya jero sunayen Allah na Ibrananci da ruwa ya gama da shi.

Ka raba su uku uku, kowa ya faɗi abu ɗaya da ke damunsa, JAMB ne, kuɗin makaranta ne, baba ne ke shan giya, na kusa da shi ya yi masa addu'a jimla ɗaya ko biyu, kuma abin da aka faɗa a wurin ya tsaya a wurin, wanda ya kai shi WhatsApp ya san sauran. Ka ce kowa ya yi da harshen da yake mafarki da shi, Hausa ne, Margi ne, Kilba ne, Fulatanci ne. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa, su Likita Miller, ɗan mishan na Wusasa, sun sha wahalar aikin fassarar nan shekara da shekaru, kakanninmu da shi suka yi ta kuka gaban Allah, yanzu jikoki na jin kunyar cewa "Ya Uba" sai an ce da Turanci. Ku sayi ƙaramin littafin rubutu ku riƙa sa roƙe-roƙe da kwanan wata, bayan wata uku ku buɗe, waɗanda aka amsa ku yi godiya, waɗanda ba a amsa ba kar ka tsallake su, ku karanta su su ma.

TAMBAYA: Mama shekarata 16 ina makarantar kwana. Ƙawata musulma ce, ko muna tsakiyar hira lokacin salla ya yi za ta tashi, ni kuma sai in yi kwana huɗu ban yi addu'a ba sai dai ta abinci. Kunya nake ji wallahi.
Wata ɗaliba daga Zariya

AMSA: 'Yata kin burge ni da kika lura, ki kuma riƙe ƙawar nan da kyau. Tsayar da lokaci ba baƙon abu ba ne a wurinmu, Daniyel sau uku a rana yake durƙusawa taga a buɗe har aka jefa shi ramin zakoki a kan haka, Zabura 55:17 ta ambaci maraice da safe da tsakar rana, Bitrus da Yohanna ma ƙarfe uku na yamma suke hawa Haikali lokacin da suka haɗu da gurgun nan. Mu dai ba a ɗora mana adadi ba, shi ya sa da yawa muka mai da 'yancin lalaci. Kar ki ce daga gobe awa ɗaya za ki yi, kwana biyu za ki gaji. Ki ɗaura ta a kan abin da kike yi kullum, kafin ki sauko daga gado minti biyu, bayan firef, wato karatun dare, kafin a kashe wuta Zabura ɗaya, ki fara da 121 ayoyinta takwas ne kacal. In ƙawarki ta tashi sallar azahar ke ma ki ɗauki Littafinki, kin ga kin sami mai tuna miki kyauta. In akwai FCS, wato ƙungiyar zumuntar ɗalibai Kirista, a makarantarku ki shiga, tun 1957 aka kafa ta a Gindiri saboda ɗalibai irinki, ki nemi yarinya ɗaya a ciki da za ku riƙa tambayar juna. Ranar da kika manta kuma ki ci gaba washegari, ba sai kin rama ba. Ki rubuto mun bayan hutun zangon nan in ji inda kika kai, ki gaishe mun da ƙawar taki.