Alhaji, kafin ka fara biyan 'yan ƙwallo albashi

Wani mai shagon turare a Balad, cikin Jidda, ya aiko da tambaya. Shi ke ɗauke da ƙungiyar ƙwallon samarin unguwarsu: riguna, takalma, hayar fili, duk daga aljihunsa. Yanzu samarin sun ce a yanka musu albashi, a mai da ƙungiyar kamfani tunda abin da ake yayi ke nan. Ya zuba kuɗi ko ya dakata?

Alhaji, ka dakata tukuna. Na san abin da ya ɗauki hankalin yaran nan. A Yunin 2023 asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya, PIF, ya karɓi kashi 75 cikin ɗari na manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙasar, wato Hilal, Nasr, Ittihad da Ahli, aka bar kashi 25 ga gidauniyoyin da ba neman riba suke yi ba. Su yaran albashin Ronaldo a Nasr suka hango. Kai ka dubi abin da aka fara yi: an rubuta wa ke da me, kuma wa ke yanke hukunci.

Kuna da irin wannan takarda? Muddin kyauta kake yi, kai uba ne, kowa na yi maka addu'a. Ranar da ka biya albashin farko ka zama maigida. Yaron da ya karye a fili zai zo da takardar asibiti. Kocin da ya daɗe yana wahala ba ko sisi zai ce shi ma da rabonsa, kuma da gaskiyarsa. Dattawan da suka kafa ƙungiyar za su tambaya wa ya ba ka ita. Wannan rigima ta fi rashin kuɗi saurin kashe ƙungiya.

Idan kuma da iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙi, kake zaune, kada wani ya ce ka yi rajista da sunan ɗan ƙasa ka riƙa juya kuɗin ta bayan fage. Tasattur ke nan, hukuncinsa na iya kai ɗaurin shekara 5 da tarar Riyal miliyan 5. Shagon turaren ma sai ya tafi.

Ta ina kuɗi zai shigo? Ba ku da kuɗin tikiti, ba ku da kuɗin nuna wasa a talabijin. Ƙaramar ƙungiya takan ci moriyar renon yara ne: a dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa, ana ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin ga ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Amma sai ƙungiyar da hukumar ƙwallo ta san da ita, yaron kuma yana cikin rajistarta.

Yanzu dai ka raba kuɗin ƙwallo da aljihun shago, ka samu littafi daban da ma'aji wanda ba ɗanka ba. Ku zauna da dattawan da kocin ku rubuta wa ke sa hannu a fitar da kuɗi. Samarin kuwa a ba su kuɗin mota da ɗan ihisani ranar da suka ci wasa. Bayan kakar wasa guda ka kawo mini littafin mu duba lissafin tare.