Saura shekara 81 ko 82 a fulat ɗina na Landan, in jira sabuwar doka?

Tambaya: Salam malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, a 2012 na sayi fulat mai ɗaki biyu a gabashin Landan, ƙanena da ke zaune can shi ke karɓar haya yana turo min. Kwanan nan na ji ana cewa gidan ba nawa bane har abada, lis ne kuma yana ƙarewa. Na tambaye shi yace saura wajen shekara 81 ko 82, kar in damu, akwai sabuwar doka da zata sa ƙarin wa'adin ya yi araha, in jira. Ni kuma ina da wajen fam 20,000 a ajiye, inaso in haɗa in sayi wani fulat ɗin a gwanjo, yace akwai masu arha sosai. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Daga cikin duk abin da ka rubuto kalma ɗaya ce ta tsaya min a rai, wannan "ko" ɗin. 81 ko 82. Haba Alhaji, kai da in yaron shago yace maka dilar atamfa da ta rage a sito goma sha ɗaya ce ko sha biyu sai ka tashi da kanka ka ƙirga, amma kadarar da ta kai wajen fam 300,000 tun 2012 baka taɓa buɗe takardarta ka ga ranar da wa'adin ya fara ba. Ban ce ƙanenka macuci bane, ƙila ma zuciyarsa ɗaya, amma shi ma ji ya yi a bakin mutane, kuma in an yi asara ba aljihunsa zata taɓa ba.

A Ingila in ka sayi fulat yawanci shekaru ka saya, kamar dai C of O ɗinmu na shekara 99, ƙasar da ginin suna hannun wani. Dokar 1993 ta ba ka ikon ka tilasta wa mai ƙasar ya ƙara maka shekara 90 a kan abin da ya rage, kuɗin ƙasan da kake biya duk shekara kuma ya koma sifiri, su suna cewa ƙwayar masoro. Toh inda gizo ke saƙar shine shekara 80. Muddin kana sama da 80 kuɗin ƙarin da sauƙi. Ranar da ka faɗo ƙasa da 80, ko da kwana ɗaya ne, sai wani lissafi ya shigo wanda suke kira kuɗin aure, wato za a duba nawa darajar gidan zata ƙaru saboda ƙarin wa'adin, mai ƙasa ya ɗauki rabi. Gida irin naka a ƙiyasina yanzu zaka iya gamawa da fam 6,000 zuwa 10,000, ka ƙara wajen 3,000 zuwa 4,000 na lauyoyi da masu ƙiyasta kuɗin gida, don har na mai ƙasar kai zaka biya. In ka tsallaka layin kuwa kar ka yi mamakin ganin ya kusa ninkawa, kuma duk shekara hawa yake.

Yanzu maganar sabuwar doka. Eh akwai ta, an zartar a watan Mayun 2024, tace za a soke kuɗin auren nan kuma ƙarin ya koma shekara 990. Amma zartarwa daban fara aiki daban, zuwa lokacin da nake rubutun nan wannan ɓangaren bai fara aiki ba, masu filaye ma sai da suka kai gwamnati kotu a kansa. Kuma ka tsaya ka yi tunani, wa wannan sokewar zata amfana? Wanda ya riga ya faɗa ƙasa da 80. Kai da baka faɗa ba babu kuɗin auren a kanka tun farko. Kenan ƙanenka yana ce maka ka zauna a bakin rijiya har ka faɗa, saboda ya ji ance gwamnati zata kawo igiya.

Na san wani bawan Allah, ɗan kasuwa kamarka, shi ɗan yayarsa ya bar wa gida. Shekara da shekaru haya na shigowa yana murna, sai da ya tashi sayarwa don aurar da 'ya'ya aka duba aka ga saura 68. Mai saye na farko banki ya hana shi bashin gida, na biyu ma haka, don bankunan can basa son lis gajere, ƙarshe masu kuɗi a hannu suka taya da wulaƙanci ya sayar. Da na tambaye shi ina takardun, wallahi a cikin wata jaka suke a Kano ko buɗe ambulan ɗin bai yi ba.

A satin nan ka shiga shafin ofishin rajistar filaye na Ingila a intanet, fam 7 ne, ka ciro takardar gidan ka ga ranar da lis ɗin ya fara da tsawonsa, ka kuma tabbatar sunanka ne a kai, wannan ma ba ƙaramin abu bane. Sannan ka ɗauki lauya wanda aikinsa kenan, naka na kanka ba abokin ƙanenka ba, da mai ƙiyasi, su aika wa mai ƙasa notis na sashe na 42 na dokar 1993 ɗin, wato takardar neman ƙarin wa'adin a hukumance. Ranar da notis ya isa agogo ya tsaya, da shekarun ranar za a yi lissafi ko da ciniki ya ja wata tara. Mai ƙasar zai iya neman ka ajiye kashi 10 na kuɗin da ka taya, yana da wata biyu ya ba da amsa, in baku daidaita ba akwai kotun gidaje amma dole a shigar cikin wata shida da amsarsa, in lauya ya yi sakaci notis ya mutu sai ka jira shekara guda, wadda kai baka da ita. In mai ƙasar yace ku daidaita a bayan fage ba notis, a saurara amma notis ɗin ya riga ya tafi, don wasu jan ka zasu yi da hira har ka wuce 80.

Fulat ɗin gwanjo kuwa ka manta da shi. Ka tambayi ƙanenka saura shekara nawa a waɗannan masu arhar, zaka ji 55, 60. Irin gidan wancan bawan Allah ne ake sayar maka. Fam 20,000 ɗin nan na gidanka na farko ne, abin da ya yi saura bayan an gama rajistar sabon lis sai ka dawo mu yi magana a kansa.