Ka fara da bayan kwabon, fuskar sarki ta jira

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce an aiko maka da kwabban tagulla na Rumawa guda ashirin, ƙasa ta daskare a jikinsu, kana so ka san na wane sarki ne, kuma ko ka jiƙa su a ruwan lemon tsami.

Don Allah ajiye lemon nan. Ni na taɓa yi farkon shigata harkar, washegari na tarar tsamin ya cinye koriyar fatar da ta lulluɓe kwabon, rubutun ya tafi tare da ita. Fatar nan ita ce darajarsa. Jiƙa su a tataccen ruwa, kana canzawa duk bayan kwana biyu, ka riƙa bi da tsinken sakace da tsohon burushin haƙori. Sai ka yi makonni. Wasu na sa man zaitun, ni ba na so, duhu yake sa su.

Irin waɗannan da ake sayarwa a tsibi, yawancinsu na zamanin Sarki Konstantin ne (306 zuwa 337) da 'ya'yansa. Fuskokinsu kuwa kamar an tsaga kara, shi ya sa nake cewa ka juya ka duba bayan kwabon. In ka ga sojoji biyu tsaye da tuta biyu a tsakaninsu, an rubuta GLORIA EXERCITVS, to daga 330 zuwa 335 ne. Daga baya aka mayar da tutar ɗaya, kwabon ma ya ƙanƙance. In kerkeciya ce tana shayar da tagwaye, gabansa VRBS ROMA ne. Wanda ya fi yawa shi ne soja yana sukar mahayin da ya faɗo daga doki, FEL TEMP REPARATIO. Galibi na Konstantiyus na biyu ne, ɗan Konstantin, amma duba kan da ke gaban kwabon: in babu kambi, rubutun ya ƙare da NOB C ko NOB CAES, ka yi zaton Gallus ko Juliyan, lokacin suna yarima.

Sai ƙananan haruffan da ke can ƙasa a bayan, su ne sunan garin da aka buga shi. ALE Iskandariyya ce, AN ko ANT Antakiya, CONS galibi Kustantiniyya, SIS Siskiya, wato Sisak ta Kuroshiya a yau, TR kuma Trier ta Jamus. Harafin da ke maƙale da su lambar maƙerar ce. Ka auna faɗinsa ma: milimita 17 zuwa 21 shi ake kira AE3, ƙasa da haka AE4. Da waɗannan za ka nemo shi a kundin RIC (Roman Imperial Coinage, littafin da ya jera kwabban sarakunan Rumawa), juzu'i na 7 ko na 8.

In ka ga wani koren gari mai haske yana fitowa yana rududdugewa, ware wannan kwabon nan take, cuta ce da ke cin tagulla. Ka ɗauko mana hoton gaba da baya da hasken fitila daga gefe, mu duba tare.