Amsar tambayar p53: lafiyarsa ƙalau, amma daji na ci gaba

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanwata, na saurari tambayarki: in gwaji ya nuna p53, furotin ɗin da ke tare ciwon daji a cikin ƙwayoyin jikinmu, bai samu wata illa ba, me ya sa ciwon daji zai ci gaba da girma? Na ji daɗin tambayar nan sosai.

To kin ga, ki ɗauki ƙwayar halitta kamar gida. Nukiliyos shi ne uwarɗaka, can DNA, kundin bayanan gado, yake. Sauran fili, saitofulazim, shi ne tsakar gida. Babban aikin p53 a uwarɗaka yake. In DNA ya lalace, sai ya hau kansa ya kunna p21, wani furotin mai taka birki, rabuwar ƙwayar ta tsaya a yi gyara. In ɓarnar ta yi yawa, sai ya kunna wasu furotin, su PUMA da BAX, ƙwayar ta kashe kanta.

Kusan rabin cututtukan daji, p53 ɗin ne da kansa ya lalace. Amma akwai waɗanda lafiyarsa ƙalau, waje kawai aka fitar da shi. Wani furotin, MDM2, ke manna masa alama, wani kuma, XPO1, ya ɗauke shi ya fice da shi tsakar gida. Yana nan da ransa, amma hannunsa ba ya kaiwa ga DNA. A 1992 Ute Moll da abokan aikinta suka ga haka a wani nau'in sankarar mama, a 1995 kuma a nuroblastoma, dajin da ke kama ƙananan yara.

Ba p53 kaɗai ake hana zama a uwarɗaka ba. Wanda ya fi damuna shi ne wani furotin, p27. A uwarɗaka birki ne ga rabuwar ƙwayar. In furotin Akt ya hana shi shiga ya zauna a tsakar gida, ba birkin kawai aka rasa ba, har taimaka wa ƙwayar yake ta yi ta yawo. Abin da ke tare daji ya koma mai taya shi yaɗuwa, kin ji.

Kuma fa abin ya shafe mu. Ƙwayar cutar hanta nau'in B, wadda ta yi yawa a ƙasashenmu, tana da furotin HBx da bincike ya nuna yana riƙe p53 a tsakar gida. Don Allah wanda bai yi gwajin hanta ba ya je ya yi, ya karɓi rigakafi.

Batun magani kuwa, a 2019 Amurka ta amince da selinexor don wani dajin ɓargo. XPO1 yake toshewa, su p53 su tsaya a ciki. Yana da wahalar sha, tashin zuciya da raguwar ƙwayoyin jini.