Golf ko ƙarin kaya a shago: amsa ga mai atamfa a kasuwar Katsina

Wani ɗan kasuwa mai shagon atamfa da shadda a Babbar Kasuwar Katsina ya aiko da tambaya. Ya ce jarinsa ya kai naira miliyan 9. Sau biyu a wata yake zuwa Kantin Kwari sarin kaya, kullum kuma Napep yake hawa daga gida zuwa shago. An yi masa tayin wata Golf 3 ta hannu a kan miliyan 2.5, yana so ya cire kuɗin daga jari. Dabararsa ita ce duk ranar zuwa Kano ya ɗauki fasinja, kuɗin mai ya fito. Shin ya saya?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Motar ba laifi ba ce, aljihun da za ka ciro kuɗinta ne ban yarda da shi ba.

Miliyan 2.5 a cikin 9 ya haura kashi ɗaya bisa huɗu na uwar kuɗinka. Mu ƙaddara kayanka suna juyawa sau 4 a shekara, kana samun ribar naira 10 a kan kowace 100. Kuɗin da za ka miƙa wa dillali ke nan suna kawo maka naira miliyan 1 a shekara suna zaune a kan kanta. Ranar da suka koma ƙarfe, wannan miliyan ɗin ta tafi, tun ba ka zuba lita ɗaya ta mai ba. Kai ka san ainihin juyin kayanka, ka sa naka lissafin a gurbin nawa. Ga kuma abin da ba ya shiga littafi: mai sayen atamfa da ido take saye. In ta leƙo ta ga kanta ta yi sarari, ta tambayi kala biyu ka ce sai an kawo, shagon maƙwabcinka za ta faɗa, kuma ba lalle ta dawo ba.

Za a ce maka ai mota kadara ce yanzu, wanda ya saya shekarun baya ya sayar da riba. Lambar ce ta hau. Tun da aka bar kasuwa ta yanke darajar naira a watan Yunin 2023 komai ya tashi, har da turmin da ke shagonka. Wanda ya sayar da motarsa "da riba" ya je ya sayi irinta da kuɗin mana, mu gani.

To, ita kanta motar. Golf 3 an ƙera ta ne a shekarun 1990, wato ƙaramar cikinsu ta haura shekara 25. Abin da ya sa direbobin hanyoyinmu suka riƙe ta sananne ne: tana da juriya, kowane bakanike ya san cikinta, kayan gyaranta kuma in an rasa a Katsina ba a rasawa a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Amma tsohuwar mota tamkar ɗaukar yaron shago ce, albashinta na nan duk wata, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Mai ne babba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya ƙare, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta ninka sau da yawa. Katsina zuwa Kano kusan kilomita 170 ne, zuwa da dawowa 340. Tsohon inji ɗauke da kaya zai sha lita 30 ko sama da haka, ban da cunkoson cikin Kano. Ka buga wannan da farashin gidan mai na yau, ka ajiye shi kusa da kuɗin motar haya da na dakon kayanka. Mafi yawan lokaci tasha ce ke cin gasar.

Sai baƙin mai da filta, taya, batir, birki, kuloci. Inshorar dole ta ƙaramar mota ta koma naira 15,000 daga 5,000 tun farkon 2023, ga sabunta takardu duk shekara, ga lasisi, don 'yan Road Safety da KASSAROTA, masu kula da zirga-zirgar motoci a jihar Katsina, ba sa karɓar uzuri. Waɗannan duk ana iya kintatarsu. Wanda ke karya ɗan kasuwa shi ne gyaran ba-zata: ta tafasa a kan hanya, gaskit ya ƙone, bakanike ya ce sai an sauke kan inji. Ran nan hannunka aljihun shago zai tafi, ka ce aro ne. Irin wannan aro ban cika ganin an maido shi ba.

Batun kaya ma a duba. Ƙaramar mota mai ƙofar baya, in ka kwantar da kujerun baya, tana cin kaya fiye da yadda ido ke zato. Amma atamfa nauyi gare ta. Ka loda turame har rufi, za ka ga gindin motar ya zauna, taya na gogar bodi a kowane rami, shokozoba ta fara zubar da mai. Kuma a nan dabararka ta fasinja ta ci karo da kanta, don kujerar da fasinja zai zauna ita ce wurin kayan. Da tafiya za ka iya samun mutum uku, amma lodi a tasha na 'yan yuniyon ne, ɗauka a bakin titi da lambar gida kuma neman rigima ne da 'yan kamasho. Ka bar wa masu sana'ar sana'arsu.

Akwai kuma harajin da ba gwamnati ke karɓa ba. Ranar da aka ga mota a ƙofar gidanka, ta zama ta unguwa. Mai naƙuda da tsakar dare, ɗaurin aure a Daura, gaisuwa a Mashi, kai amarya. Lada ne, kuma wani ba ka isa ka ce a'a ba, amma da wuya a ce "ga na mai". Ka sa shi a lissafi tun yanzu, don kada ka riƙa yin alheri kana ƙunƙuni.

Duk da haka akwai inda ƙaramar mota ke ciyar da kanta. In za ta kai ka ga cinikin da ba ka samu a da, magana ta canza. Kai wa matan aure kaya har gida su zaɓa, musamman masu haɗa lefe, ko cin kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi da ragowar kayan da suka kwanta maka. Wannan sabon kuɗi ne. Zirga-zirgar gida zuwa shago kuwa jin daɗi ne, halak ɗinka ne, sai dai daga riba ake biyansa.

Don haka ga abin da zan yi da ni ne. Ka ɗauki wata uku kana rubuta duk abin da ka kashe a sufuri, naka da na iyali da na kaya. Ka buɗe asusu dabam ko ka shiga adashi, abin da ke shiga ciki riba ce zalla. Kada ka saya gab da azumi ko sallah, lokacin da kowace naira a shago take haihuwa. Bayan sallah ne lokacin, ciniki ya lafa kuma ribar tana hannu. In kuɗin sun taru, kada ka kashe su duka a kan saye, ka rage kamar kashi ɗaya bisa biyar, don motar hannu ba ta rasa abin da mai ita ya ɓoye.

Ranar dubawa ka je da sassafe, da bakanikenka, ba na dillali ba. Ka dafa bonet ka ji da sanyi. In an riga an ɗumama ta kafin ka iso, ka tambayi dalili. A tayar a gabanka ka tsaya ta baya: shuɗin hayaƙi na nufin inji na shan baƙin mai. A buɗe murfin baƙin man, in ka ga wani farin kumfa mai kauri a jikinsa, alama ce ruwa na haɗuwa da mai. Ka ɗaga shimfiɗar but ka duba tsatsa da alamun walda. Sannan takardar kwastam: a gwada lambar shasi da ke jikin mota da wadda ke rubuce, harafi da harafi. Mu da ke kusa da iyakar Jibiya da Kwangwalam mun san yadda motoci ke shigowa, kuma mai arha marar takarda tana iya kwana a hannun kwastam da kuɗinka a ciki. A rubuta takardar ciniki da shaidu, a yi canjin suna, kafin ka biya dillali la'adarsa.

Wannan Golf ɗin da aka yi maka tayi, ka ce wa mai ita Allah ya kawo kasuwa. Bayan sallah ka aiko mini da lissafin wata ukun nan, mu duba tare.